A Benci Ɗaya Ake Koyon Zaman Lafiya

Duk lokacin da rikici ya ɓarke a ƙasar nan sai manya su taru su ce a koya wa yara zaman lafiya a makaranta. Maganar gaskiya ce, to amma fa abin tambaya shi ne, yaya za a koyar? An daɗe ana koyar da darasin zama ɗan ƙasa nagari, har aka sa shi cikin darussan dole na jarrabawar WAEC. Yaro ya haddace ma'anar haƙuri da juna, ya rubuta, ya ci jarrabawa, alhali kuwa bai taɓa cin tuwo kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

Mutanen da suka kafa kwalejojin Gwamnatin Tarayya sun gane wannan. A 1966 aka buɗe guda uku, a Sakkwato da Warri da Okposi. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara yawansu cikin 1973, shekarar da ta fito da shirin bautar ƙasa, yau kuwa sun haura 100. Dabarar ba wata mai wuya ba ce. A ɗauko yaro daga Katsina, a ba shi gado kusa da na yaron Kalaba, su yi shara tare, su sha horo tare, su yi ƙorafin wake mai tsakuwa tare. Wanda ya yi shekara biyar a haka, da wuya wani ya zo daga baya ya ce masa wai mutanen Kalaba duk mugaye ne.

Sai dai makaranta ɗari ina za ta kai a ƙasa mai yara miliyoyi? Sauran yaran suna makarantar unguwa, unguwannin kuwa sun rabu. Tun bayan tarzomar Kaduna ta 2000 da ta Jos ta 2001 jama'a suka yi ta ƙaura, kowa ya koma inda 'yan addininsa suka fi yawa. A Kaduna kogi ya zama kamar iyaka. Wato an haifi yara, sun girma, wasu har sun yi aure, ba su san maƙwabci sai irin nasu.

Haka abin yake neman zama a nan Kudu. Bahaushen Agege ko na Sabo a Badun yana ciniki da Bayarabe kullum, amma sau da yawa ɗansa makarantarsu daban, abokan wasansa daban. Rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 1921 ba ne, na 2021 ne, jiya-jiya, kuma samari ne suka fi yin ɓarna.

Kada kuma a manta, ita kanta makaranta takan zama tushen wuta. Tarzomar Maris 1987 a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan ta fara, kan wa'azi tsakanin ɗalibai, kafin ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 2021 gwamnatin Jihar Kwara ta rufe makarantu 10 a Ilori saboda gardamar hijabi, kuma ba yaran ne suka kawo gardamar ba, manya ne suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Batun hijabin makarantun Ikko ma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa a 2022. Yaron da ya ga haka ya riga ya ɗauki darasi, ba ya bukatar allo.

Saboda haka aikin yana kan hedimasta da malamai da ƙungiyar iyaye. Malamin da ke yi wa yaro ba'a da sunan ƙabilarsa a gaban aji, a ja masa kunne, in ya ƙi ji a canja masa aiki. A riƙa haɗa makarantun hayin kogi da na wannan gefe a wasan ƙwallo da muhawara, amma a gauraya yaran cikin ƙungiya ɗaya, kada a ce su kara da juna. Liman da fasto su zauna cikin kwamitin makaranta tun ana zaune lafiya, domin ranar da jita-jita ta tashi a san wanda za a kira kafin 'yan sanda su iso. Ma'aikatun ilmi na jihohi kuma su daina tura malami garinsu kawai don ya nemi alfarma.