Ina Man Fetur Yake Kwana?

Zuwa ga Edita,

Ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in warware wata gardama da na tarar a zauren wani malami. Wani ya ce wai man fetur tafki ne a ƙarƙashin ƙasa, kowa ya haƙa da zurfi sai ya cim masa, don haka in an haƙa ba a samu ba, sakacin mahaƙa ne. To, jama'a, ba haka abin yake ba.

Kowa ya san tonon ruwa a yashin kogi da rani. Ruwan nan ba a kogo yake ba, tsakanin ƙwayoyin yashi yake. Haka mai yake zaune cikin ƙofofin dutse. Kuma sai abu uku sun gamu. Na fari uwa, watau baƙar laka wadda ta binne ƙananan halittun ruwa shekaru miliyoyi, zafin ƙasa ya dafa su, wajen digiri 60 zuwa 120, suka zama mai. In zafin ya kasa, ɗanye ne. In ya zarce, sai ya koma iskar gas. Na biyu rumbu, watau dutsen yashi inda man yake taruwa in ya taso, gama bai kai ruwa nauyi ba. Na uku murfi, watau yumɓun da ya daskare ya hana shi tserewa.

A bakin Kwara ukun nan sun gamu: shimfiɗar Akata ita ce uwa, ta Agbada kuwa rumbu da murfi. Can aka dace a Oloibiri cikin 1956. A Agadem ta ƙasar Nijar ma an dace, har aka buɗe matatar mai kusa da Damagaram cikin 2011. A Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, an ba da labarin samun mai cikin 2019.

Amma in ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, kuɗin rijiya sun halaka ke nan. Shi ya sa masana suke fara karanta shimfiɗun dutse, su duba ɓarɓashin da ya fito daga rijiya, kafin su ce a ci gaba.

Roƙona ga malamai 'yan'uwana, mu cusa wa yaranmu son ilmin duwatsu. In ba haka ba, kullum wani zai riƙa karanta mana ƙasarmu, mu kuwa muna zaure muna gardama.

Haza wasalam.
Naka, wani malamin makaranta.