Ƴan Kasuwa, Ku Daina Liƙa Wa Waƙar Da Ba Ta Da Azanci

Jama'a, kwanan baya wani matashin mawaƙi ya kawo mini sabuwar waƙarsa gidan rediyo nan Dakoro domin in saka wa masu sauraro. Na zauna na saurare ta daga farko har ƙarshe, ban ji komai ba sai jerin sunaye: Alhaji wane mai hatsi, Hajiya wance mai atamfa, Allah ya ƙara arziki. Da na tambaye shi ina saƙon, sai ya ce ai abin da ake biya ke nan. Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin kuwa masu biyan ku ne.

Abin da masana ke kira jigo shi ne saƙon da waƙa ke ɗauke da shi, adon harshe kuwa, wato kamantawa da siffantawa da habaici, shi ne jakin da ke kai kayan kasuwa. In babu jaki, kaya na nan gida komai kyansu.

Alal misali, mu dubi waƙar Karen Mota ta marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Yaron da ke ɗora kaya, ya sa wa taya waigi, ya kwana ƙarƙashin babbar mota, shi mutane ke kira kare. Ɗan Maraya ya kama wannan suna ya gina waƙa a kansa, mai sauraro yana dariya, amma kafin kuntigi ya yi shiru ya gane irin wahalar ƙaramin ma'aikaci. Duk wanda ya taɓa bin motar kaya daga Dakoro zuwa Maraɗi ta Kornaka ya san wannan yaro. Da cewa kawai aka yi a tausaya wa yaran mota, da tuni an manta.

Haka marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Da kiɗan ƙwarya ta yi ta zaburar da mata su kama sana'a, tana yi wa mai zaman kashe wando shaguɓe ba tare da ta kama sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, saboda haka wadda abin ya shafa ta ji a jikinta, amma ba a kunyata ta gaban jama'a ba. Su ma makaɗan fada irin su Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, in sun kira sarki giwa ko zaki, abokin hamayya kuma kura ko biri, bayani suke kan wanda ya cancanci sarauta da wanda bai cancanta ba.

Wasu za su ce habaici na haddasa husuma, gara a fito fili. Ni a ganina zagi kai tsaye shi ke tada faɗa, kamar yadda muka sha gani a waƙoƙin siyasa lokutan zaɓe. Habaici yana bar wa mai laifi ƙofar gyara halinsa cikin sirri.

Kuma wannan fasaha ba baƙuwa ba ce gare ku. Mai sayar da atamfa ta san sunan zane shi ke sayar da shi: wadda ta sayi zanen da ake kira idon kishiya, magana ta saya, ba yadi kaɗai ba. Mai awon hatsi kuwa ba zai karɓi buhun ƙaiƙayi a kuɗin gero ba, sai ya tsoma hannu ya duba. To don me za a zuba jikka goma a waƙar da ƙaiƙayi ce zalla?

Shawarata ita ce, ranar biki ko suna, in mawaƙi ya kira sunanki, Hajiya, dakata ki ji abin da ya biyo baya. In ya kawo maganar da za ki tafi gida kina juya ta, wadda ƴaƴanki za su tsinci hankali cikinta, liƙa masa da hannu biyu. In suna ne kawai, mayar da kuɗinki cikin lalita. Mu ma ma'aikatan rediyo muna da namu laifin, domin mu ke saka irin waɗannan waƙoƙi, kuma ya kamata mu fara tankaɗe da rairaya. Mawaƙi ɗan kasuwa ne kamar ku, abin da ake saye shi zai kawo.

Allah ya sa albarka a nemanmu, amin.