Kafin a sake sayen jirgi, a ƙirga fasinja

A watan Nuwamba na 2023, ministocin kuɗi na Nijar da Mali da Burkina Faso sun zauna a Bamako, inda suka ba da shawarar kafa kampanin jiragen sama na haɗin gwiwa. Maganar ta yi wa jama'a daɗi, domin babu ɗan ƙasar da ba ya son ganin tutarsa a wutsiyar jirgi. Sai dai Nijar ta riga ta binne kampani biyu, kuma ya dace ta waiwayi abin da ya kashe su kafin ta sake zura hannu cikin baitulmali.

Na farko shi ne Air Niger, wanda aka kafa a 1966 don ya haɗa Yamai da manyan garuruwan ƙasa, ya kuma ƙarasa mutuwa a 1993. Na biyu shi ne Air Afrique, wanda ƙasashe 11, har da Nijar, suka haifa a Yawunde ranar 28 ga Maris 1961, ya rushe a 2002. Rashin gwanaye bai kashe shi ba. Kowace gwamnati tana son jirgi ya sauka a babban birninta ko da kujeru sun tashi wayam, kowace tana son a ɗauki mutanenta aiki, kuma da yawansu suna karɓar tikiti bashi su yi shiru. Sannan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Bashin jirage da kayan gyara da inshora duk da dala ake biyansu, alhali kuɗin shiga mafi yawansu sefa ne, sai nauyin ya ninka cikin dare ɗaya. A ƙarshen rayuwarsa kampanin yana ɗauke da ma'aikata fiye da 4,000 a kan jiragen da ba su kai goma ba. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe ko da tirela ɗaya ya san ƙarshen irin wannan lissafi.

Daga Matamaye matsalar ta fi fitowa fili. Garin bai kai kilomita 100 daga Damagaram ba, inda akwai filin jirgin da aka gyara lokacin bikin Zinder Sabuwa na 18 ga Disamba 2018. Amma alhajin Matamaye da zai je Dubai ko Jidda ko Sin saro kaya, hankalinsa yakan fi karkata kudu: ya bi ta Ɗan Barto, ya wuce Daura, ya shiga filin jirgin Malam Aminu Kano. Ba ƙin ƙasa ne ya kai shi ba. Yamai tana da nisan kusan kilomita 900 daga Damagaram, yini guda cur a cikin kar, Kano kuwa da hantsi ya isa. Kampanin ƙasa da zai tara jiragensa a Yamai, ya sa ido ga Bamako da Wagadugu, bai taɓa aljihun wannan mutum ba, ko da yake da harajinsa za a saye su.

Dogaro da Kano ma yana da nasa haɗari. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Saboda haka masu cewa gabashin ƙasa yana bukatar tasa ƙofar ta sama suna da hujja. Abin da ya rage a tantance shi ne girman ƙofar da kuma mai biyan kuɗinta.

Nan ne bincike yake da aiki. Mutum nawa ne daga jihar Damagaram suke hawa jirgi a Kano cikin shekara, ina suke zuwa, nawa suke kashewa? Mahajjata nawa ake kwasa a mota zuwa Yamai, alhali jirgi zai iya ɗaukar su kusa da gida? A cikin masu tafiya tsakanin Yamai da Damagaram, nawa ne suke biya daga aljihunsu, nawa ne ma'aikatan da gwamnati ko ƙungiyoyin agaji suke biya musu? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Niger Airlines ya fara tashi a 2014 da jirage ƙirar Fokker 50 na haya, masu kujeru wajen 50. Idan rabin irin waɗannan kujeru takardar mishan ce take cika su, to ran kampanin yana hannun akawun gwamnati, kuma ranar da ya jinkirta biya, tarihin Air Afrique ya dawo.

Nijar ba ta rasa masu yin wannan aiki ba. Akwai hukumar ANAC, akwai cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, akwai jami'ar Damagaram, ga kuma makarantar EAMAC ta ASECNA da take horar da ma'aikatan sama na ƙasashen Afirka a cikin Yamai. Abin da ake so shi ne a buga sakamakon kowa ya karanta, kada ya tsaya a aljihun teburin minista.

Kuma mallakar jirgi ba ita kaɗai ce hanya ba. A Faransa, ƙananan hanyoyin da ba su kawo riba, hukuma takan fayyace adadin tashi da farashi, ta buɗe takara, ta biya wanda ya ci giɓin da ya rage na wasu shekaru ƙididdigaggu. In ya gaza, a ba wani. ASKY, da ya fara tashi daga Lome a 2010, ya tsaya da ƙafafunsa ne da jarin ƴan kasuwa da bankuna da kuma gwanintar kampanin Habasha. Najeriya kuwa, da yawan mutanenta da kuɗinta, ta rufe Nigeria Airways a 2003, kuma jirgin Nigeria Air da aka nuna a Abuja a Mayun 2023 bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba.

An ba kampanin Summa na Turkiyya filin jirgin Diori Hamani na shekara 30 bayan ya sake gina shi a 2019, wato gwamnati ta riga ta yarda wani ya zuba jari ita ta sa ido. Hanyar Damagaram zuwa Yamai, da jigilar mahajjatan gabas daga Damagaram, su ne ya kamata a fara sakawa a takara, tare da sharaɗin cewa duk tikitin ma'aikacin gwamnati a biya shi kafin jirgi ya tashi.