Idan Mai Dokar Barci Ya Ɓuge Da Gyangyaɗi: Ra'ayina Game Da Fim Ɗin L.A. Confidential

Kwanan baya muka yi gardama da wani abokin aikina a kan irin finafinan nan da ke nuna 'yan sanda suna cin hanci, suna dukan waɗanda suka kama, har ma suna kisa da hannunsu. Shi a ganinsa irin wannan fim ba abin da yake haifarwa sai raini, domin yaron da ya tashi yana ganin mai kaki a matsayin ɓarawo, ran da aka tsare shi a hanya ba zai tsaya ba. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma da yawa daga cikin finafinan da yake nufi ban ga abin da zai sa in kare su ba, harbe-harbe ne kawai da zubar da jini don a sami kuɗi. Amma akwai guda ɗaya da na ce masa lalle ya ware, watau L.A. Confidential, wanda Curtis Hanson ya shirya a Amurka a shekarar 1997, daga littafin da James Ellroy ya wallafa a 1990. Dalilaina ne nake so in shimfiɗa wa masu karatu a yau.

Fim ɗin yana cikin wani rukuni da masu sharhi na Faransa suka laƙaba wa suna "film noir" a 1946, ma'ana baƙin fim, saboda duhun hotunansa da kuma duhun zukatan mutanen da ke cikinsa. A irin wannan labari ba a samun jarumi fari tas da mugu baƙi ƙirin kamar yadda muka saba gani a finafinan kaboyi da na Indiya. Kowa da tabonsa, kuma mai binciken laifi yakan tarar ɓarnar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Yayin abin ya yi tashe daga 1941 zuwa ƙarshen shekarun 1950, sa'an nan aka farfaɗo da shi da finafinai irin su Chinatown na 1974. L.A. Confidential jikan waɗannan ne.

Labarin yana faruwa ne a birnin Los Angeles a farkon shekarun 1950, kuma an ɗora shi a kan abubuwan da suka auku da gaske. A 1951 aka ɗaure Mickey Cohen, uban 'yan daban birnin, saboda ƙin biyan haraji, sai kujerarsa ta zama ba kowa, kowane ɗan iska yana hanƙoron hawa. A Kirsimetin wannan shekara kuma 'yan sanda wajen hamsin, da yawansu a buge, suka lakaɗa wa mutane bakwai da ke tsare dukan kawo wuƙa, biyar daga cikinsu 'yan asalin Meksiko. An gurfanar da 'yan sanda takwas, aka sami biyar da laifi. Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da shugaban rundunar, William Parker, yake tallata ta ga duniya a kan cewa ba ta da na biyu wajen tsabta da horo, wani shirin talabijin mai suna Dragnet kuma yana taya shi busa. Fim ɗin ya ɗauki wannan dukan na Kirsimeti ya buɗe labarinsa da shi.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba a ba mu ɗan sanda ɗaya mu bi ba, uku aka ba mu, kuma kowannensu da hanyar da ya bi ya lalace. Jack Vincennes ɗan gayu ne, yana ba masu shirin talabijin shawara, yana kuma karɓar dala hamsin daga wani ɗan jaridar tonon silili duk lokacin da ya kama wani sananne a gaban kyamara. Bud White ƙarfi ne da shi kamar sa, ya ga ubansa ya kashe uwarsa da duka tun yana yaro, saboda haka duk inda ya ga namiji ya ɗaga wa mace hannu sai hankalinsa ya gushe, manyansa kuwa suka mai da wannan zafin zuciya abin aikinsu. Na ukun, Ed Exley, shi ne ya kamata ma'aikacin gwamnati ya zuba wa ido. Ba ya karɓar ko anini, ya san doka ciki da waje, amma neman girma ya cinye shi. Da aka nemi wanda zai ba da shaida a kan dukan Kirsimeti, shi ya fito, sai dai bai fito ba sai da ya ƙulla cinikin ƙarin girma zuwa muƙamin laftanan, ya kuma koya wa manyansa yadda za a ɗora laifin a kan waɗanda fanshonsu ya riga ya tabbata, don rundunar ta fita da mutuncinta. Wane ne a cikinmu bai taɓa zama ofis ɗaya da irin wannan mutum ba? Hannunsa a wanke, amma kowace gaskiya da zai faɗa sai ya auna abin da za ta jawo masa.

Tun da farko shugabansu, Kyaftin Dudley Smith, ya yi wa Exley tambayoyi uku, waɗanda su ne ginshiƙin fim ɗin duka. Ko zai iya dasa shaidar ƙarya a kan wanda ya tabbata mai laifi ne? Ko zai iya dukansa har ya amsa? Ko zai iya harbin riƙaƙƙen mai laifi ta baya don kada wani lauya ya kuɓutar da shi? Exley ya ce a'a ga dukkansu, kyaftin ɗin kuwa ya ba shi shawara ya haƙura da aikin 'yan sandan ciki. A lura da yadda aka tsara tambayoyin. Ba a ce masa ya zalunci marar laifi ba. Kullum da mai laifi ake farawa, da sunan kare talaka daga mugu, kuma yawancin masu kallo, in za su faɗi gaskiya, a zuciyarsu suna bayan kyaftin ɗin a wannan lokaci.

Sai fim ɗin ya nuna mana inda wannan hanya take kaiwa. An kashe mutum shida a wani gidan shan gahawa mai suna Nite Owl, cikinsu har da wani korarren ɗan sanda. Nan da nan aka kama samari baƙar fata uku, aka ce an sami bindigogi a motarsu. Samarin nan ba waliyyai ba ne, domin sun sace wata yarinya sun yi mata fyaɗe, kuma wannan shi ya sa ƙaryar ta zauna daram, don ba mai tsayawa ya tambayi haƙƙin wanda ya aikata haka. Suka tsere, aka bi su aka harbe, aka rataya wa Exley lambar yabo, jaridu suka yi ta kirari, aka rufe fayil. Daga baya ya gano cewa bindigogin dasa su aka yi, yarinyar ma ta sauya lokacin da suka bar ta ne don tana ganin in ba haka ba ba wanda zai damu da abin da aka yi wa 'yar Meksiko. Wanda ya shirya kisan kuwa shi ne Kyaftin Smith, wanda yake neman gadon kasuwar miyagun ƙwayoyi da Mickey Cohen ya bari, yana amfani da yaransa masu kaki wajen korar abokan hamayya. Ashe ɓarawon zaune shi ne mai rabon aiki a ofis.

A nan ne na rabu da abokin aikina. Akan ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma duk hukumar da abin kunya ya same ta da wannan karin magana take fakewa, a kori mutum biyu a ce an yi gyara. Fim ɗin ya ƙi yarda da haka. Ya nuna cewa Smith bai isa ya yi abin da ya yi ba sai da ɗan jaridar da ke sayar da labari, da babban lauyan gwamnati da aka kama lagonsa, da attajirin da ke safarar mata, da kuma ɗimbin ƙananan ma'aikata waɗanda suka ga abu suka kau da kai don kada a ce sun ci amanar 'yan'uwa. Wanda ya kalli wannan da hankali, abin da zai fita da shi tambaya ce game da wanda ke duba aikin mai duba jama'a. Mu ma tambayar ba baƙuwa ba ce a gare mu, in aka tuna da mutum shidan da aka harbe a Apo, Abuja, a 2005, aka ce 'yan fashi ne, sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa a kan lamarin.

Ta fuskar gwaninta ma fim ɗin ya cika. Littafin Ellroy ƙato ne mai rassa da yawa, amma Hanson da Brian Helgeland suka tace shi ya dawo sa'o'i biyu da 'yan mintoci ba tare da zaren ya tsinke ba, kuma wannan ya jawo musu kyautar Oscar. Kim Basinger ta sami ta biyu. Sauran sun kuɓuce, domin shekarar Titanic ce. Russell Crowe da Guy Pearce, waɗanda suka fito a matsayin White da Exley, daga Ostareliya aka ɗauko su, a lokacin ba a san su sosai a Amurka ba, sai ya zama mai kallo ba ya iya cewa ga jarumin da zai tsira. Akwai wani wuri da ba na mantawa, inda Exley ya tambayi Vincennes dalilin da ya sa ya shiga aikin, shi kuwa ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce ya manta. Kevin Spacey bai ɗaga murya ba, fuskarsa kaɗai ta isa.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Akwai zubar da jini da wuraren da ba su dace a kalla tare da yara ba. Bugu da ƙari, samarin nan uku da aka kashe a kan laifin da ba nasu ba, fim ɗin bai ba su wani muhimmanci ba face su zama sanadin farkawar Exley. Ba mu ga iyayensu ba, ba mu ji an wanke sunansu a bainar jama'a ba. Wannan raunin zamanin da ake ba da labarinsa ne, amma masu fim na 1997 sun riga sun ga dukan da aka yi wa Rodney King a 1991 da tarzomar da ta biyo baya a 1992, saboda haka ba su da uzuri sosai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen. Bayan musayar wuta a wani tsohon masauki, Smith ya fito yana tafiya zuwa ga motocin 'yan sanda da ke isowa, ya ɗaga shaidar aikinsa sama, ya tabbata cewa in aka je kotu zai sha. Exley ya harbe shi ta baya. Watau tambaya ta uku ya amsa da hannunsa, a kan wanda ya yi masa ita. Na ga masu kallo suna murna a wannan wuri, ni ma ban ce raina bai yi sanyi ba, amma abin da aka yi shi ne ainihin abin da Smith ya koyar, kuma ban tabbata Hanson ya ba mai kallo isasshen lokaci ya ji ɗacin haka ba. A littafin Ellroy, Smith bai mutu ba, ya ci gaba da sha'aninsa, wanda a ganina ya fi kusa da yadda duniya take.

Sai dai fim ɗin ya fanshi kansa a mintocin da suka rage. Exley ya zauna ya bayyana wa manya kome da kome, su kuwa suka taru a bayan gilashi suna shawarar yadda za a ceci sunan rundunar. Aka yanke cewa za a sanar da jama'a Smith ya mutu ne a matsayin gwarzo yana yaƙi da 'yan daba. Exley ya gane abin da suke ƙullawa, ya yi murmushi, ya nuna musu cewa gwarzo ɗaya ba zai ishe su ba, suna bukatar na biyu. Aka sake rataya masa lambar yabo a gaban 'yan jarida, Bud White kuwa ya bar gari a bayan mota da raunukansa. Shekara biyu bayan fitowar fim ɗin, a 1999, abin kunyar ofishin Rampart ya fashe a wannan runduna ta Los Angeles, inda wani ɗan sanda da aka kama da satar hodar iblis daga ma'ajiyar shaida ya tona yadda shi da abokan aikinsa suke dasa wa mutane bindiga, har aka soke hukuncin mutane fiye da ɗari.