SHARHI: An samu magani, amma wa zai kai shi cikin wayoyin jama'a?

A watan Nuwamban 2022, masu binciken tsaro na Project Zero a kamfanin Google suka bayyana cewa kurakurai biyar da suka gano a manhajar da ke sarrafa na'urar zana hoto ta Mali suna nan a wayoyin Samsung, Xiaomi, Oppo, har da Pixel na Google ɗin kansa. Alhali kamfanin Arm na Ingila, mai ƙera Mali, ya fitar da gyaran tun watannin Yuli da Agusta.

Wannan manhaja ita ce ke tsakanin tsarin Android da ɓangaren da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar waya. Tana aiki ne a can cikin zuciyar tsarin, kuma kowace manhajar da aka sauke tana da damar magana da ita. Saboda haka wanda ya sami ɓaraka a nan na iya mamaye wayar baki ɗaya: saƙonni, hotuna, har da makirfo.

An riga an ga hakan a aikace. A watan Maris na 2023, Google ya bayyana cewa a Disambar 2022 an aika wa wasu mutane a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saƙon tes mai ɗauke da tarko. Cikin makaman da aka yi amfani da su akwai wani kuskuren Mali da Arm ya gyara tun Janairun shekarar. Google ya alaƙanta kayan aikin da Variston, wani kamfanin manhajar leƙen asiri na Sifaniya. Irin wannan haja gwamnatoci ne manyan masu sayenta, kuma sau da yawa 'yan jarida da 'yan adawa ne ake farauta da ita.

Tushen matsalar shi ne doguwar hanyar da gyara ke bi: daga Arm zuwa masu haɗa ƙwaƙwalwar waya irin su MediaTek, daga nan zuwa mai ƙera wayar. Kowane mataki na cin kuɗi, kuma wayar da aka riga aka sayar ba ta kawo riba. Mafi muni, da zarar an wallafa gyaran, maharin ya san inda bango ya tsage.

Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, domin wayoyin Tecno da Infinix da dama suna ɗauke da Mali. Tarayyar Turai ta fara aiki da doka a watan Yunin 2025 wadda ta wajabta sabunta tsarin waya na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Hukumar NCC, wadda ke amincewa da wayoyi kafin su shiga kasuwa, tana da hurumin gindaya makamancin wannan sharaɗi. Kafin nan, mai karatu ya buɗe saitunan wayarsa ya duba ranar da ta karɓi gyaran tsaro na ƙarshe.