Cibiyar da ta ƙi faɗuwa

Kwanakin baya na je Riruwai ta'aziyyar wani jariri, na uku ke nan da mahaifiyarsa ta rasa tun ba a kai ga yaye ba. A zaure na ji ana raɗe-raɗin cewa wabi take yi. Wata magana da kakar yaron ta faɗa ce ta tsaya mini a rai: duk su ukun sun haura wata guda cibiyarsu ba ta faɗi ba.

A bisa al'ada cibiya kan faɗi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan ta zarce wata guda, gindinta ya yi ja ya kumbura, likitoci kan yi zargin wata cutar gado da suke kira LAD. Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun jiki, kuma sai sun ratsa bangon jijiya kafin su isa inda cuta ta shiga. Masu wannan larura dakarunsu na nan birjik, har sun fi na kowa yawa, amma ba sa iya fita. Shi ya sa mikinsu ba ya yin mugunya, ba ya kuma warkewa da wuri.

Cutar ba ta da yawa, ana ƙiyasta mutum 1 cikin miliyan. Sai dai gadonta irin na sikila ne: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, sannan kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na kamuwa. Auren zumunta, wanda muke alfahari da shi, yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita. Ashe ɗora wa uwa laifi ita kaɗai zalunci ne.

Maganinta na dindindin dashen ɓargo ne, aikin da aka fara yi a Nijeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ga mai sikila. Ya fi ƙarfin talaka, amma gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini bai fi ƙarfinsa ba, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci yana tsawaita rai.

Kirana ga ungozomomi da ma'aikatan lafiya na Doguwa da Tudun Wada shi ne, cibiyar da ta kai wata guda a daina gasa ta da tsumma. A ratsa dajin Falgore da yaron zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Allah Ya ba wannan baiwar Allah mai albarka, Ya raya mana zuriya.