Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Tattara Haraji Ta Jihar Kano

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka ne a madadin ƙananan masu gidajen haya: gwauruwar da ke ciyar da marayu da kuɗin ɗakuna uku a Kurna, da ɗan fanshon da ya zuba garatutinsa a gini. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026 ta ba mai biyan haya damar cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa na shekara, har zuwa naira 500,000, daga kuɗin shigar da ake yanka wa haraji. Madalla. Amma ina makomar mai gidan da aka ci kuɗinsa?

Mutum ya bi doka, ya ba da takardar notis, ya yi zirga-zirgar kotu, bai cire wa kowa kwano ba. Ɗan haya ya tashi da bashin shekara, ya bar bango a farfashe. Ko kotu ta ce a biya, karɓowa wani yaƙin ne.

Roƙonmu, ku fito ku bayyana da Hausa, a rediyo, ko hayar da ba ta shigo hannu ba tana cikin abin da ake yanka wa haraji. Kuma ku amince da takardar hukuncin kotu a matsayin shaidar asara.

Naka,
Wani mai gidan haya, Kano